Wane ne Wedge Antilles, kuma da gaske gudu ya yi ya bar Luke?

Tambaya: Na kalli tsofaffin finafinan Star Wars guda uku, sai na ga masoya fim ɗin suna ta kambama wani matuƙin jirgin yaƙi wai shi Wedge Antilles. Ni kuwa da ƙyar na gane fuskarsa, abin da kawai na riƙe shi ne a fim na farko ya fice daga fagen fama ya bar Luke, jarumin fim ɗin, cikin wuta. Wane ne shi, kuma me ya yi da ya cancanci wannan yabo?

Amsa: Ɗan'uwa, idonka bai yaudare ka ba. In ka tattara duk wuraren da Wedge ya fito a finafinan nan uku, 'yan mintuna ne, kuma yawancinsu fuska ce a cikin hular kwano tana faɗin jimla ɗaya ko biyu ta rediyo. Ba a nuna gidansu ba, ba a nuna abin da ya kawo shi yaƙi ba, sunan Antilles ɗin ma babu wanda ya kira shi da shi a fim na farko. Amma batun gudu ban yarda da kai ba, kuma zan nuna maka dalili daga cikin fim ɗin kansa. Abin da ya sa ake son sa shi ne, a labarin da kusan kowane babba yake tinƙaho da gado ko baiwa, ɗan wane ko 'yar sarauta ko mai ƙarfin ɓoye na Force, Wedge gama-garin soja ne da ya iya aikinsa. An shiga manyan yaƙe-yaƙe uku da shi, a kowanne ya yi abin da ya canza sakamako, kuma a kowanne ya dawo da ransa.

Mu fara da yaƙin Yavin, tunda shi ne ya tsaya maka a rai. Fim na farko ya fito ranar 25 ga Mayu, 1977. A ƙarshensa 'yan tawaye suna ɓoye a wani wata da ke kewaya duniyar Yavin, Daula kuma ta nufo su da Death Star, tashar yaƙi mai girman ƙaramin wata wadda ke iya tarwatsa duniya guda. Lagonta ɗaya ne: wani bututun fitar da zafi mai faɗin mita 2 kacal, a ƙarshen wani dogon kwararo da ke jikin tashar. Dole jirgi ya sauka cikin kwararon, ya miƙe sak ba kauce-kauce, ya jefa makami cikin bututun. Jirage 30 suka tashi, hafsan Daula ne ma ya ƙirga wa Darth Vader, babban mugun fim ɗin, su. Wedge yana cikin Jar Runduna mai tuƙa ƙananan jiragen yaƙi samfurin X-wing, lambarsa a rediyo Red Two. Biggs Darklighter, abokin Luke tun na yarinta, shi ne na uku, Luke kuwa na biyar.

Kafin a kai ga kwararon akwai abin da masu kallo da yawa kan manta. Wani jirgin TIE na Daula ya manne wa Luke a baya, Luke ya yi iya yinsa ya kasa kakkaɓe shi, har yana ƙorafin ina Biggs ya shiga. Wanda ya zo ta gaba, hanci da hanci, ya ragargaza jirgin nan ya ratsa ta cikin ɓaraguzansa, Wedge ne. Da bai zo ba, da a nan labarin Luke Skywalker ya ƙare, kafin ya taɓa jin muryar malaminsa Obi-Wan tana ce masa ya dogara da Force.

Sai maganar kwararo. Ka lura, sau uku aka shiga, jirage uku-uku. Rukunin farko na jirage samfurin Y-wing ne, Vader da 'yan rakiyarsa biyu suka biyo su suka gama da dukansu. Rukuni na biyu shugaban Jar Runduna ne da mutum biyu: an kashe masu rufa masa baya, shi ya samu ya harba amma makamin ya bugi gefe, daga nan shi ma aka kakkaɓo shi. Wato mutum shida sun shiga, babu ko ɗaya da ya koma gida. Luke da Biggs da Wedge sun ji duk wannan ta rediyo, sannan suka saka kai.

Mene ne aikin mutum biyun da ke baya? Ba harbi ba ne, domin X-wing ba ta da bindiga mai kallon baya, kuma a cikin kwararo babu filin juyawa. Aikinsu su tsaya tsakanin mai harbin da abokan gaba, su sha wutar da aka nufe shi da ita, su ba shi 'yan daƙiƙu. Shi Wedge ya yi hakan har aka same shi. Ya faɗa ta rediyo cewa an harbe shi, ba zai iya ci gaba da bin su ba. Luke, wanda shi ke jagorantar rukunin a lokacin, shi ya ce masa ya fita, zamansa a baya ba shi da sauran amfani. Wedge ya ba da haƙuri da kalma ɗaya ya ɗaga sama. Vader ma ya ce wa mutanensa su ƙyale shi, su bi na gaba. Jirgin da ya lalace, wanda ba ya iya riƙe gudu ɗaya da 'yan'uwansa a wuri mai ƙunci haka, ba garkuwa ba ne kuma, haɗari ne: ko ya daki bango, ko ya daki Biggs. Sojan da shugabansa ya ce ya janye ya janye, ba a ce da shi ya ari ta kare.

Na san za ka iya cewa, to ai da ya tsaya ya mutu da ya ƙara wa Luke daƙiƙa biyu ko uku, wataƙila ma Biggs ya tsira. Daƙiƙun dai ana iya samu. Biggs kuwa da wuya, domin bayan ficewar Wedge da kaɗan Vader ya harbe shi, kuma abin da ya ceci Luke a ƙarshe ba jikin wani matuƙi ba ne, dawowar Han Solo ce ba zato. Marubutan da suka zo daga baya sun ga wannan tambayar taka, sai suka mayar da ita wani nauyi da Wedge yake ɗauke da shi a zuci game da Biggs. A cikin mutum tara da suka shiga kwararon, biyu ne suka rayu. Da tashar ta fashe, abin da aka nuna yana komawa gida shi ne X-wing biyu, Y-wing ɗaya, da Millennium Falcon, jirgin Han Solo. Ɗaya daga cikin X-wing ɗin nan ta Wedge ce. A bikin da aka yi daga baya Luke da Han aka rataya wa lambar yabo, shi ko oho.

Irin wannan mutum ba daga tatsuniyar jarumai George Lucas, wanda ya ƙirƙiro Star Wars, ya ɗauko shi ba, daga finafinan Yaƙin Duniya na Biyu ne. Lokacin da ake shirya fim ɗin, Lucas ya yanko gutsattsarin hotunan faɗan jiragen sama na wancan yaƙi ya jera su, domin masu haɗa dabarun hoto su ga irin motsi da saurin da yake so. Fim ɗin da ya fi barin tambari a harin Death Star shi ne The Dam Busters na 1955, wanda ya ba da labarin wani hari na gaske: a watan Mayun 1943 runduna ta 617 ta sojan saman Birtaniya ta tashi da jiragen Lancaster 19 don fasa madatsun ruwan Jamus, suna tafiya ƙasa-ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana neman jefa bam a daidai wuri guda. Mutum 133 suka tafi, jirage 8 ba su dawo ba, mutum 53 suka mutu. Gilbert Taylor, wanda ya ɗauki hoton Star Wars, ya yi aiki a wancan fim ɗin ma. A irin waɗannan finafinai ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya kafin hari, kowa ya amsa, sannan mai kallo ya zauna yana jin muryoyin suna raguwa. Dole a samu wanda zai mutu don ka san wasan ba na yara ba ne, shi ne aikin su Biggs da Porkins, wani matuƙin Jar Runduna da ya mutu tun farkon harin. Amma dole kuma a samu wanda zai rage, wanda ba jarumin fim ba, in ba haka ba sai ya zama kowa itacen wuta ne in ban da mai sa'a guda. Wannan gurbin Wedge ya cike.

Akwai wata ɗabi'a da aka ba shi wadda nake jin daɗinta, ko da gangan aka yi ko dace ne. Shi ne mai tambaya. A ɗakin bayani kafin harin, shi ne ya ce jefa makami a rami mai mita 2 ba zai yiwu ba ko da kwamfuta ce, har Luke ya ba shi amsa da labarin farautar da yake yi a gida. Da suka tunkari tashar, shi ne ya kasa riƙe mamakin girmanta har shugabansu ya ce a rage surutu. A cikin kwararo ya sake tambaya ko an tabbata kwamfuta za ta iya. A fim na uku ma, da Lando, mai jagorantar harin jiragen 'yan tawaye, ya ce garkuwar abokan gaba tana nan ba a kashe ta ba, Wedge ne ya ce na'urarsa ba ta nuna komai, an kuwa tabbata? Yakan faɗi shakkarsa a fili, sannan ya je ya yi aikin. Ni a wurina wannan ya fi kama da sojan gaske a kan mai ihun cewa shi ba ya tsoro.

A fim na biyu, na 1980, shekara uku ta wuce a cikin labari. 'Yan tawaye suna duniyar ƙanƙara ta Hoth, wuraren da aka ɗauka a Finse ta ƙasar Norwe. Daula ta sauke manyan motocin yaƙi masu dogayen ƙafafu huɗu, AT-AT, waɗanda bindigogin ƙananan jiragen 'yan tawaye ba sa huda sulkensu. Luke ne ya kawo shawarar a yi amfani da igiyar ƙarfe ta jan kaya, amma kafin ya gwada aka kashe maharbinsa Dak da ke zaune a bayansa. Sai ya kira Wedge, wanda yanzu lambarsa Rogue Three, ya ce shi zai yi. Maharbin Wedge, Wes Janson, ya cilla ƙugiya ta kama ƙafa ɗaya, Wedge ya yi ta kewaya ƙafafun da jirgi yana naɗe su, suka saki igiyar, ƙaton ya taka ya kife da ka, yadda mahauta kan ɗaure ƙafafun bijimi su kayar da shi. Shi ne AT-AT na farko da ya faɗi a yaƙin. An ci 'yan tawaye a ranar duk da haka, sun bar sansanin da gudu, wasu daga cikin matuƙan kuma, irin su Zev wanda ya gano Luke da Han a cikin ƙanƙara da safe, sun mutu a wurin. Wedge ya fita.

A fim na uku, na 1983, an kai inda lambar da ya gada take faɗin komai ba tare da an yi bayani ba: shi ne yanzu shugaban Jar Runduna, kujerar mutumin da ya ce masa ya rage surutu a Yavin. A yaƙin Endor, bayan an kashe garkuwar Death Star ta biyu, shi da Lando Calrissian a cikin Falcon suka kutsa cikin cikin tashar ta wasu matsattsun hanyoyi, inda har Falcon ta karya farantinta na sama. Sauran jiragen da suka biyo su wasu sun mutu, wasu Lando ya ce su juya su janye hankalin masu bin su. Mutum biyu suka isa tsakiya. Wedge ya harbi na'urar daidaita wuta da ke kan hasumiyar arewa, Lando ya harbi babbar tukunyar makamashi, suka fito wuta na bin su. Luke a wannan karon yana cikin tashar yana fama da mahaifinsa da Sarkin Daula, bai tuƙa jirgin yaƙi ba. Saboda haka a finafinan nan Wedge kaɗai aka nuna ya kai wa Death Star biyu hari da jirgi, ya kuma rayu. Wannan ita ce gajeriyar amsar da masoyansa za su ba ka in ka tambaye su a tsaye.

Yanzu ga abin dariya: mutumin da ake yaba wa da tsayuwa wuri ɗaya, a fim na farko mutum uku ne suka haɗu suka yi shi. An ɗauki yawancin fim ɗin a Ingila a 1976, musamman a sutudiyon Elstree kusa da Landan, don haka ƙananan matsayi 'yan wasan Birtaniya aka ba. Wanda ke zaune kusa da Luke a ɗakin bayani Colin Higgins ne. Ya samu matsala da riƙe layukansa, aka sallame shi, amma ba a sake ɗaukar wurin ba. Wanda ke cikin jirgi kuwa Denis Lawson ne, ɗan Sikotlan. Muryar da kake ji daga bakin su biyun kuma ta wani Ba'amurke ce, David Ankrum, da aka ɗora daga baya, domin an fi son 'yan tawaye su yi magana da harshen Amurka, Turancin Ingila kuma ya fi yawa a bakin hafsoshin Daula. Ba Wedge kaɗai aka yi wa haka ba, Vader kansa jikin David Prowse ne da muryar James Earl Jones. To in ka kasa gane fuskarsa, kana da uzuri: fuskoki biyu ne. Masoya suka laƙaba wa na ɗakin bayanin Wedge na bogi, kuma a 2017, a wani tarin gajerun labarai na cikar fim ɗin shekara 40, aka mayar da abin gaskiyar labari: wai wani matuƙi ne daban mai suna Col Takbright da abokansa ke tsokana saboda ana yawan rikita shi da Wedge. In ka bi wannan, to tambayar ɗakin bayani ba ta Wedge ba ce ke nan. Ni dai ina lissafa ta a tasa, don haka aka rubuta ta tun asali.

Kada kuma sunan ya rikita ka. Kyaftin Antilles da Vader ya shaƙe a farkon fim, wanda mutum-mutumin nan C-3PO ya ce shi ne ubangidansu na ƙarshe, mutum ne daban, ba su haɗa dangi ba.

Shi Denis Lawson, wanda aka haifa a 1947, bai taɓa ɗaukar Wedge wani babban abu ba, har sunansa an rubuta shi da kuskure a jerin sunayen ƙarshen fim, da harafin n biyu. A Birtaniya an fi sanin sa da wasan dandamali da talabijin, da fim ɗin Local Hero na 1983, da rawar da ya taka a Bleak House na BBC a 2005. Kawun Ewan McGregor ne, ɗan'uwan mahaifiyarsa, kuma McGregor ya sha faɗa cewa kawun nasa ya ba shi shawarar kada ya karɓi matsayin Obi-Wan. Bai ji ba, ya fito a finafinan 1999 da 2002 da 2005.

Zuwa nan duk abin da na lissafa bai kai a ce mutum yana da hali cikakke ba, wannan gaskiya ce. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Yawancin son da ake yi wa Wedge daga littattafai ya fito. Bayan 1983 finafinai sun tsaya, sai a 1991 Timothy Zahn ya farfaɗo da harkar da littafin da ya ci gaba daga inda fim na uku ya tsaya, kasuwa ta buɗe. Amma marubuta suna da ƙaidi a kan manyan taurari: ba za ka kashe Luke ba, ba za ka sauya Leia ba, duk abin da ka taɓa sai an nemi izini. Wedge kuwa fili ne da ba a gina komai a kai ba, ga suna da kowa ya sani, ga tarihin yaƙi uku, ga babu wani bayani da zai ɗaure maka hannu. A 1995 kamfanin Dark Horse ya fara jerin labarai masu zane a kan rundunarsa, a 1996 kuma Michael A. Stackpole ya fitar da littafin farko na jerin X-Wing, wanda ya samo ruhinsa daga wasan kwamfuta na 1993 mai wannan suna. Jerin ya kai littafi goma, biyar na Stackpole, biyar na Aaron Allston, na ƙarshe a 2012.

A nan aka ba shi asali. Ɗan duniyar Corellia ne, garin su Han Solo. Iyayensa suna da tashar shan mai ta jiragen sama, 'yan fashi suka jawo gobarar da ta kashe su yana matashi. 'Yar'uwarsa ta zama shahararriyar 'yar fim a ƙarƙashin Daula ta auri Soontir Fel, gwanin matuƙan abokan gaba. Shi kuma daga baya ya auri Iella Wessiri suka haifi 'ya'ya mata biyu. Waɗannan duk ado ne. Abin da littattafan suka yi da kyau shi ne sun nuna shi a matsayin kwamanda: mai zaɓen yara, mai horar da su, mai yanke shawarar wa za a tura inda ba lalle a dawo ba. Ya yi ta ƙin karɓar muƙamin janar don kada a raba shi da kujerar jirgi. A littafin Allston na farko, na 1998, ya tara matuƙan da sauran rundunoni suka yar, masu laifi da masu taurin kai da waɗanda yaƙi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, ya ce zai yi runduna da su, ya kuma yi yarjejeniya da shugabansa Admiral Ackbar cewa in abin ya rushe zai haƙura ya karɓi janar ɗin. A cikin yaran akwai 'yar ɗan'uwan Ackbar, kuma ta mutu a ƙarƙashin umarninsa. Wurin da Wedge ya zauna yana neman yadda zai rubuta wa shugabansa takardar ta'aziyya ya fi mini duk wani faɗan sama da ke cikin littafin. Finafinan ba su taɓa tsayawa sun tambayi wa ke sanar da iyalan su Porkins ba.

Ina da ƙorafi ɗaya a kan littattafan Stackpole, duk da ina son su. An fara su a matsayin labarin talakawan matuƙa, sai ga shi babban tauraronsu, Corran Horn, ya tashi jikan Jedi, wato mayaƙan nan masu Force da takobin haske. Kamar dai masu rubuta Star Wars ba sa iya daurewa, sai sun nemo wa mutum jini. Allston ya fi riƙe amanar abin, ga shi kuma ya fi ban dariya. Wedge dai an bar shi yadda yake, ba a taɓa gano masa wani kaka mai takobin haske ba, kuma da an yi hakan da an kashe abin da ya sa yake da daraja.

Sai aka zo aka share allon. Disney ta sayi Lucasfilm, kamfanin da ke shirya Star Wars, a watan Oktoban 2012 a kan dala biliyan 4.05, a watan Afrilun 2014 kuma aka sanar cewa tsofaffin littattafai da labaran zane sun koma wani rukuni mai suna Legends, ba su cikin labarin da sababbin finafinai za su bi. Matar Wedge da 'ya'yansa da iyayensa duk suka fita daga lissafi. Aka sake gina shi. A katun ɗin Star Wars Rebels, a wani kashi na 2016, an nuna shi ɗalibi a makarantar horar da matuƙan Daula ta Skystrike, inda wata 'yar tawaye, Sabine Wren, ta shiga a ɓoye ta fito da shi tare da abokinsa Hobbie. Wato a sabon labari daga hannun Daula ya koyi tuƙin yaƙi kafin ya sauya sheƙa. A littattafan Chuck Wendig da suka fara fita a 2015 an kama shi a duniyar Akiva an azabtar da shi, ya haɗu da wata matuƙiya, Norra Wexley, wadda daga baya ya aura. Ɗanta Temmin, da ake kira Snap, shi ne matuƙin nan mai gemu da kake gani a sababbin finafinai. A fim ɗin Rogue One na 2016 ma an sake kiran David Ankrum ya yi muryar Wedge, ana jin sa ba a ganin sa.

An nemi Lawson ya dawo a fim ɗin 2015, bai zo ba. A 2014 ya ce abin zai gundure shi ne, daga baya ya ce lokaci ne ya ci karo da wani aikin da yake yi. Ya dai fito a The Rise of Skywalker a Disambar 2019, furfura ta cika kai, na 'yan daƙiƙu, ya yaba wa Lando tuƙi da jimla ɗaya. A ganina an yi asarar wannan dama. Mutumin da duk sunansa a kan X-wing ya yi shi, sai aka zaunar da shi a kujerar bindigar Falcon, wani na tuƙa shi. Abin da ya fi wannan ciwo, Snap, ɗan matarsa, ya mutu a wannan yaƙin na Exegol jim kaɗan kafin isowarsu, fim ɗin kuma ko a jikinsa, domin wanda bai karanta littafi ba bai ma san akwai dangantaka ba. Bayan haka Lawson ya ba da muryarsa a wasan bidiyo na Squadrons a 2020, da wani gajeren katun na kamfanin Aardman a 2023 inda aka yi raha da Wedge a matsayin tsohon gwarzo mai tallar kayan da ke ɗauke da hotonsa. An kuma sanar a Disambar 2020 cewa Patty Jenkins za ta shirya fim mai suna Rogue Squadron don 2023, amma aka cire shi daga jadawali a 2022.

In kana son ka gwada maganata, ba sai ka sake kallon finafinan gaba ɗaya ba. Koma minti ashirin na ƙarshen fim na farko, ka bar kallon fuska, ka bi murya da lambar Red Two daga lokacin kiran suna har fitarsa daga kwararo, ka ƙirga su wa suka rage a kowane mataki. Daga nan ka duba faɗan Hoth da shigar su cikin tashar a Endor. In kuma kana karanta Turanci kana son ka ga Wedge ɗin da masoya ke nufi, fara da littafin farko na Stackpole, Rogue Squadron na 1996, don ka san mutanen, ko ka tsallaka kai tsaye zuwa Starfighters of Adumar na 1999, inda aka tura shi aikin jakadanci wata duniya da mutanenta ke bauta wa matuƙan yaƙi suna kashe juna a kan suna, shi kuma abin yana ba shi takaici. A wannan littafin ne ya zama shi ne tauraro tun daga shafin farko har na ƙarshe, tare da Janson da Hobbie da Tycho Celchu, kuma ana iya karanta shi ba tare da an karanta sauran ba.